Babi na Biyar: Yadda Ɗan Maciji Yake Sabawa da Hannu

Duk wanda ya taɓa ganin hoton wani yaro a Amurka ko Jamus da maciji naɗe a wuyan hannunsa, yana kallon talabijin hankali kwance, tambayar da ke fara zuwa masa ita ce: shin maciji yana sabawa da mutum kuwa? In yana sabawa, me aka yi masa? Wasu za su ce asiri ne, wasu su ce an cire masa haƙora, wasu kuma su ce ai tun yana jinjiri aka raine shi, shi ya sa ya san mai shi. Babu asiri a ciki, kuma babu wanda ya taɓa masa haƙori. Magana ta uku ce ke da ƙamshin gaskiya, amma ita ma tana buƙatar gyara, domin rainon maciji tun yana ƙarami ba ya haifar da komai in ba a san yadda ake yin sa ba. Akwai macizan da suka shekara goma a akwatin mai su, har yau in ya miƙa hannu sai sun kai masa sara.

Abin da maciji zai iya koya

Kare yana neman ubangidansa, yana murna in ya dawo, yana jin tsawa ya gane ya yi laifi. Kada mai kiwon maciji ya sa ran ko ɗaya daga cikin waɗannan. Yawancin macizai a kaɗaice suke rayuwa, ba su da shugaba balle su yi masa biyayya, kuma horo da duka ko tsawa ba ya koya musu komai sai ƙarin tsoro.

Amma kuma kuskure ne a ɗauka kansu fanko ne. A shekarar 1999 wani masani mai suna David Holtzman na Jami'ar Rochester a Amurka, tare da abokan aikinsa, sun wallafa wani gwaji da suka yi da 'ya'yan wani maciji mara dafi da ake kira macijin masara. Sun riƙa sa su cikin wani babban baho mai haske ƙwarai, mai ramuka takwas a ƙasa, ɗaya kaɗai ke kaiwa ga maɓoya mai duhu. Cikin kwana huɗu macizan suka rage lokacin da suke ɓatawa wajen lalube, suna nufar ramin da ya dace. A 2021 kuma masu bincike a Jami'ar Lincoln ta Ingila suka nuna cewa macijin masara yana iya bambanta warin mutumin da ya saba ɗaukarsa da warin baƙo. Abin lura a wannan binciken shi ne, macizan da aka ajiye a wuri mai rassa da maɓoya su ne suka nuna wannan bambancewar. Waɗanda ke cikin akwati fayau ba su nuna ba.

To, abin da maciji ke iya koya ke nan: wannan wari, wannan ɗumi, wannan motsi, sun sha zuwa, kuma ba su taɓa cutar da ni ba. Idan abu ya maimaitu sau da yawa ba tare da wata cuta ta biyo baya ba, jikin dabba yakan daina kashe ƙarfinsa wajen kare kai daga gare shi. Macijin da ake cewa ya yi laushi, maciji ne da ya daina ganin hannunka a matsayin abin da zai cinye shi. Duk wata dabara da za a ambata a wannan babi wannan take yi wa hidima.

Me ya sa ƙaramin ya fi faɗa?

Sababbin masu kiwo sukan yi mamaki: sun ga uwar a wurin mai sayarwa tana kwance lakwas a hannu, amma ɗan da suka kawo gida, wanda bai fi kaurin fensir ba, sai huci yake yana kai sara. Sai su ce sun yi rashin sa'a, sun samo mugu.

A duba duniya daga inda yake kwance. Jinjirin macijin masara yana fitowa daga ƙwai da tsawon kamar santimita 20 zuwa 30, nauyinsa bai kai giram goma ba. A daji kusan duk abin da ya fi ɗan maciji girma yana iya cinye shi: shaho, shirwa, tunku, guza, kyanwar daji, har da wasu macizan. Ba wanda zai koya masa wane ne abokin gaba, don haka yana fitowa ne da shiri guda, wato ya ɗauki duk wani babban abu mai motsi a matsayin ajali. Kuma da yawa daga cikin masu cin sa daga sama suke faɗo masa, su cafke shi da ƙarfi a wuya ko a tsakiya. Mutumin da ya buɗe murfin akwati daga sama, inuwarsa ta rufe ɗan macijin, ya sauko da yatsu biyar a buɗe ya damƙe shi, ya yi daidai abin da shaho ke yi, bai rage komai ba.

Saboda haka faɗan jinjirin maciji alama ce ta lafiya. Ni na fi damuwa da wanda aka ɗauka ya yi laƙwas kamar tsumma, ba ya fitar da harshe, ba ya riƙe yatsa, fiye da wanda ya yi huci. Yawancinsu kuma girma kaɗai yana rage musu zafin rai, domin macijin da ya kai mita ɗaya masu iya haɗiye shi sun ragu.

Wane maciji muke magana?

Nan dole a tsaya a yi magana ba ɓoye-ɓoye. Duk abin da ke cikin wannan babi ya shafi macizai marasa dafi ne, waɗanda aka ƙyanƙyashe a hannun masu kiwo, kuma aka san irinsu tabbas. Biyu ne suka fi yawa a gidajen masu wannan sha'awa a duniya.

Na farko macijin masara, wanda masana ke kira Pantherophis guttatus, ɗan asalin kudu maso gabashin Amurka. Siriri ne, mai ja da ruwan lemo, yakan kai mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ba ya zama wuri guda. Ta biyu kuwa tamu ce: ƙaramar mesar nan mai dunƙulewa, Python regius, wadda ke rayuwa a ramukan ɓeraye da cikin suri a dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, har da Najeriya. Ghana da Togo da Benin su ne suka fi fitar da ita zuwa ƙasashen waje. Mafarauta kan tono mata masu ƙwai ko ƙwan kansu da rani, a ƙyanƙyashe su a gonakin macizai, a tura 'ya'yan ta jirgin sama. Cinikin ya yi yawa har a 2021 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta cikin dabbobin da ke dab da shiga barazana. Da wuya ta wuce mita ɗaya da rabi, tana iya shekara 20 zuwa 30 a hannun mai kiwo, kuma in ta tsorata maimakon sara sai ta cusa kanta a tsakiyar jikinta ta dunƙule. A garin Wida na Benin akwai ɗakin bauta inda ake ajiye irinta da yawa, baƙi suna ratayawa a wuya suna ɗaukar hoto.

Maciji mai dafi kuwa ba ya cikin wannan lissafi ko kaɗan. Jinjirin kububuwa, ko kasa, ko gamsheƙa, da dafinsa yake zuwa duniya. A watan Satumba na 1957 Karl Schmidt, ɗaya daga cikin manyan masana macizai na zamaninsa, yana duba wani ƙaramin macijin bishiya na Afirka da aka kawo masa gidan tarihi na Field a Chicago, sai ya sare shi a babban yatsa. Ya ɗauka ƙarami irin wannan ba zai iya zuba dafin da zai kashe mutum ba. Washegari ya rasu. A 2001 wani masanin, Joe Slowinski, ya sa hannu cikin jaka a wani daji na ƙasar Myanmar, wani ƙaramin maciji mai dafi da aka ɗauka mara dafi ne ya sare shi, shi ma bai tashi ba. In waɗannan da suka ƙare rayuwarsu a kan macizai sun ruɗu, to yaron da ya tsinci ɗan maciji a bayan gida ya ce zai raina fa? Asibitin masu saran maciji na Kaltungo a Jihar Gombe ba ya rabuwa da majinyata, akasarinsu kububuwa ce ta sare su, ita kuwa ko ta girma da wuya ta wuce rabin mita da kaɗan. Gardawan da muke gani a kasuwa suna wasa da gamsheƙa ba sabo ne ke kare su ba. Inda aka karya wa maciji haƙoran dafi ma, wasu sukan sake tsirowa.

Haka nan babbar mesa, Python sebae, ba ta da dafi, amma jinjirar da ke naɗe a yatsa yau za ta iya wuce mita huɗu. A watan Agusta na 2013, a garin Campbellton na Kanada, irinta ta kuɓuce daga inda aka ajiye ta cikin dare, ta kashe yara biyu 'yan gida ɗaya suna barci. Ba dabbar gida ba ce.

Mako biyu na kawar da kai

Aikin farko a sabar da ɗan maciji shi ne kada a taɓa shi. Wannan ne ya fi yi wa sabon mai kiwo wuya, domin ɗoki yana cinsa, yara suna son gani, abokai suna son hoto. Amma ɗan macijin ya sha jijjiga a hanya, an sauke shi inda bai san warin komai ba. A bar shi mako ɗaya zuwa biyu, ba abin da za a yi sai canza ruwa da kwashe kashi. Ƙa'idar da ta fi kwanaki amfani ita ce ciki: sai ya ci abinci sau biyu ko uku a jere, bai ƙi ba, bai amayar ba, sannan a fara maganar ɗauka. Macijin da bai natsu ba ba ya cin abinci, kuma jinjirin da ya daina ci yana iya mutuwa, alhali wanda bai saba da hannu ba yana nan da ransa, gobe ma rana ce.

Rabin sabo a cikin akwati ake yin sa. Maciji ba ya samar da ɗumin jikinsa, daga waje yake karɓa, don haka akwatin yana buƙatar gefe mai ɗumi da gefe mai sanyi. Ga ƙaramar mesa, wajen digiri 31 zuwa 32 a ma'aunin Salshiyos a gefe ɗaya, 24 zuwa 27 a ɗayan. Macijin masara ya fi son ƙasa da haka kaɗan. Duk abin ɗumama akwati sai an haɗa shi da na'urar daidaita zafi, in ba haka ba yana ƙona musu ciki. Kowane gefe kuma a sa maɓoya, matsattsiya, wadda in ya shiga jikinsa zai taɓa bangonta ta ko'ina. Wanda ya sa maɓoya ɗaya tak ya tilasta wa dabbar ta zaɓa tsakanin ɗumi da ɓuya, ita kuwa ɓuya za ta zaɓa, ta zauna cikin sanyi abinci ya ƙi narkewa. A ƙara ganyaye da rassa yadda zai ratsa daga wannan gefe zuwa wancan ba tare da ya fito fili ba. Abin mamaki, macijin da ya fi samun wurin ɓuya shi ya fi fitowa yawo.

A wannan lokaci zama kusa da akwatin da yamma, ana karatu ko hira a hankali, yana da amfani. Maciji ba shi da kunne a waje, amma yana jin girgizar ƙasa sosai ta haɓarsa, kuma wani bincike na Jami'ar Queensland a Ostareliya a 2023 ya nuna yana jin wasu sautuka ta iska ma. Kada a ajiye akwatin kusa da lasifika, ko a bar yara suna ƙwanƙwasa gilashi.

Harshe, wuya da wutsiya

Maciji ba shi da fatar ido da zai lumshe, ba shi da kunnen da zai kwantar, fuskarsa ɗaya ce ko yana cikin natsuwa ko yana cikin firgici. Wannan ne ya sa mutane ke cewa yana sara ba gargaɗi. Yana gargaɗi, da sauran jikinsa yake yi.

A fara da harshe. Da shi yake ɗebo wari daga iska ya kai wa wasu 'yan ramuka biyu a rufin bakinsa, can ake tantancewa. In harshen yana fita a hankali, a kai a kai, kan yana bin abu yana shinshinawa, to bincike yake yi, kuma lokacin ɗauka ne mai kyau. In ya ƙame ƙam, harshe ya daina fita, haƙarƙari yana hawa da sauka da sauri, tsoro ne. In ya janye wuyansa baya ya lanƙwasa shi biyu, kai ya ɗaga yana bin hannunka duk inda ya yi, to ya ɗana, saura sara. Macijin masara yakan kaɗa ƙarshen wutsiyarsa da sauri a kan busasshen ganye har a ji ƙara. Wasu sukan fesa wani ruwa mai ɗoyi daga gindin wutsiya, wanda a daji yake sa mai cin su ya tofar. Huci kuwa kowa ya san shi.

Wadda aka fi yi wa mummunar fahimta ita ce ƙaramar mesa. Ana ɗaukarta ta dunƙule, ta yi shiru a tafin hannu, sai a ce kai, wannan akwai haƙuri, a miƙa wa wannan a miƙa wa wancan. Alhali dunƙulewar nan ita ce iyakar abin da take da shi na kare kai. Tana ɓoye kanta ne don kada a fasa shi. Wannan abu yana damuna, domin shirunta ya sa ta fi kowane maciji shan wahala a hannun masu son ta. Kada a taɓa ɓanɓare ta da ƙarfi. A ɗora ta a cinya ko a tafin hannu, a yi shiru, a jira. Bayan 'yan mintoci za a ji jikin ya fara saki, hanci ya leƙo, harshe ya fita. Ranar da ta warware da kanta ta fara bin hannu, ranar ce aka ci nasara. Haka kuma macijin da ya yi sanyi yakan yi lakwas don ba shi da ƙarfin motsi, wannan ma kada a lissafa shi cikin sabo.

Ɗauka ta farko

A zaɓi lokacin da yake a farke, da yamma ko farkon dare, kada a fizgo shi daga barci. A wanke hannu da sabulu, musamman in an taɓa ɓera, kaza ko kyanwa. A rufe ƙofa da taga, a fitar da kyanwa da kare, a zauna a ƙasa ko a kan gado, domin jinjirin macijin masara yana iya zamewa daga hannu cikin ƙiftawar ido, faɗuwa daga tsaye a kan siminti kuwa tana iya yi masa lahani a ciki.

A bari ya san an zo. A taɓa shi a hankali a tsakiyar jiki, sannan a zura hannu daga gefe, ƙasa-ƙasa, a tallabo shi daga ƙarƙashi. Ba a kama kai, ba a kama wuya, ba a ɗaga shi ta wutsiya. Kuma in an yi niyya a ɗauka kawai. Hannun da ke zuwa yana komawa, yana shawagi a gaban fuskarsa, shi ya fi jawo sara, domin yana ba shi lokaci ya ɗana, kuma motsin yana kama da na dabbar da ke neman inda za ta cafka. Abin da yawancin masu kiwo suka lura da shi shi ne, ɗan macijin da ke huci a cikin akwati yakan sauka da zarar ya bar ƙasa ya ji an tallabe shi ba a matse ba.

Da ya hau hannu, kada a riƙe shi, a bar shi shi ya riƙe ka. In ya fara tafiya, a sa ɗaya hannun a gabansa ya hau, sannan a dawo da na bayan gaba, kamar mai jan igiyar guga daga rijiya, hannu na bin hannu, sai dai a nan igiyar ce ke tafiya da kanta. Shi a ganinsa gudu yake yi ba wanda ya tare shi, har ya gaji ya lafa. Matsewa ita ce babban kuskure, domin a duniyarsa abin da ke matse shi abin da zai haɗiye shi ne. A guji shafa masa kai, kusan dukkansu ba sa so, a kuma guji kawo shi kusa da fuska.

Minti biyar sun isa a farko, sau biyu ko uku a mako. Bayan makonni a kai goma, sha biyar. Ɗauka kullum na tsawon sa'a ba ya gaggauta komai, sai ma ya sa shi ƙin abinci. In za a mayar da shi, a kai hannu bakin maɓoya a bari ya sauka da kansa.

Masu kiwo sun rabu biyu a kan abu guda. Wasu suna cewa in ya yi sara ko ya fesa ɗoyi kada a mayar da shi nan take, don kada ya koyi cewa sara ke 'yantar da shi. Wasu kuma, musamman a 'yan shekarun nan, suna cewa kada ma a ɗauke shi sai ya zaɓa: a buɗe ƙofar akwati, a ajiye hannu, in ya so ya hau. Ina ganin kowanne da wurinsa. In sara ɗaya ya yi don firgita, a ci gaba da tallabe shi minti ɗaya ko biyu har ya lafa, sannan a mayar, yadda abin da zai tuna na ƙarshe natsuwa ce. In kuwa yana ta birgima yana bugun kansa, baki a buɗe, to an wuce inda ake koyo, a mayar da shi a ba shi kwanaki. Hanyar buɗe ƙofa tana da jinkiri, tana iya cin watanni, amma ga maciji mai tsananin tsoro ban san wadda ta fi ta ba.

Saran tsoro da cizon yunwa

Iri biyu ne, kuma maganinsu daban. Saran tsoro bugu ne da saki, wani lokaci ma da baki a rufe. Cizon yunwa kuwa kamawa ne da riƙewa, har ya naɗe yatsa yana matsa. Wannan na biyun kuskure ne kawai. Ƙaramar mesa tana da wasu 'yan ramuka a leɓenta na sama masu jin ɗumin jiki ko cikin duhu, don haka yatsa mai ɗumi da warin ɓera a wurinta ɓera ne. In kuma kullum ba a buɗe akwati sai ranar abinci, to ta koyi cewa buɗe ƙofa abinci ne.

Maganin yana da sauƙi. A riƙa ba da abinci da dogon hantsaki, kada da yatsu. Ranar ɗauka kuma, kafin a sa hannu, a shafa jikinsa a hankali da 'yar sandar ƙugiya ta masu kiwon macizai, ko da takarda da aka naɗe. Ranar abinci kada a yi hakan ko sau ɗaya. Cikin 'yan makonni zai gane cewa shafar nan tana nufin yau babu ɓera, za a ga wuyan da ya ɗana ya saki.

In ya ciji mutum, abin da ya fi muhimmanci shi ne kada a fizge. Haƙoransa ƙanana ne masu lanƙwasa zuwa ciki, fizgewa tana yaga fata, tana kuma karya masa haƙora har bakin ya ruɓe. In ya riƙe, a zuba masa ruwan sanyi a kai, yawanci yana saki. A wanke wurin da sabulu, a shafa maganin kashe ƙwayoyin cuta, in ya kumbura ko ya yi ja a je asibiti. Cizon jinjirin macijin masara sau da yawa ko jini ba ya fitarwa. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, kuma haka ne, bayan cizon farko hannu yakan riƙa zabura da kansa. Wanda ya ga haka ya sa safar hannu mai laushi na ɗan lokaci, ba kunya a ciki. Hannu mai safa da ya natsu ya fi hannu tsirara mai rawa.

Ranakun da ba a taɓa shi

Bayan cin abinci a bar shi aƙalla sa'o'i 48. Macijin da aka tsorata da cikinsa cike yakan amayar da abin da ya haɗiya don ya samu saurin gudu, kuma amai yana galabaitar da jinjiri ƙwarai, sai an jira kwana goma zuwa mako biyu kafin a sake ba shi abinci. Haka nan lokacin saɓa. Jinjiri mai girma da sauri yakan yi saɓa kusan kowane mako huɗu zuwa shida. Launinsa zai dushe, idanu su yi shuɗi-shuɗi kamar an zuba musu madara, ba ya gani sosai, fatar kuma ba ta son taɓi. Mafi haƙurin maciji ma yana iya sara a wannan hali. A ƙara masa danshi, a jira har ya tuɓe.

Tsafta kuma ba abin wasa ba ce. Macizai, kamar sauran dabbobi masu jan ciki, suna ɗauke da ƙwayar salmonela a hanjinsu ba tare da ta dame su ba, mu kuwa tana sa mu gudawa da zazzaɓi. A wanke hannu bayan kowace ɗauka, kada a sumbace shi, kada a wanke kwanon ruwansa inda ake wanke-wanken abinci. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tana ba da shawarar kada yara 'yan ƙasa da shekara 5, da tsofaffi daga shekara 65, da masu raunin garkuwar jiki su riƙa taɓa irin waɗannan dabbobi.

In ya ƙi sabawa fa?

Yawancin 'ya'yan macijin masara da ƙaramar mesa suna lafawa cikin makonni kaɗan zuwa 'yan watanni. In an daɗe ba canji, kafin a ɗora wa halinsa laifi a koma kan akwati: zafi ya yi yawa? Maɓoya ta yi faɗi? Wurin yana da hayaniya? A duba kwanon ruwa da kewayen ido ko akwai wasu 'yan mitsi-mitsin baƙaƙen ƙwari masu shan jini, domin suna hana maciji sakat. In wanda ya saba ya birkice dare ɗaya, ko ana jin shaƙa a numfashinsa, ko majina a baki, wannan aikin likitan dabbobi ne.

Bayan duk wannan akwai waɗanda halinsu ke nan, ko cikin ƙwai guda na uwa ɗaya ana samun mai sanyi da mai zafi. Irin wannan a rage ɗaukarsa zuwa abin da ya zama dole, wato duba lafiya da share akwati, a more kallonsa ta gilashi. Maciji ba ya kewar hannun mutum, ba abin da zai rasa.

An ga yadda ciki ya riƙa shigowa cikin maganar nan: sai ya ci sau biyu ko uku kafin a fara, ba a ɗauka bayan ci, ƙin ci shi ne alamar farko ta cewa an matsa masa. Ƙaramar mesa kuwa ta yi suna wajen rufe baki na watanni, abin da ke hana sababbin masu kiwo barci. Babi na gaba zai duba abincin kansa: girman ɓeran da ya dace da jinjiri, tazarar kwana biyar zuwa bakwai da ake bari tsakanin ci da ci, dalilin da ya sa ɓera mai rai yake iya raunata macijin da aka kawo shi domin ya ci, da matakan da ake bi in ɗan maciji ya ƙi karɓar abincinsa na farko.